Dekin, Ɓoyayyen Kwano ko Azara: Yadda Za Ka Zaɓi Shimfiɗaɗɗen Rufin Gidanka

A watan Agusta ake sanin gaskiyar rufi. Duk tsawon rani gida yana tsaye tsaf, fenti na ƙyalli, rawanin gini ya miƙe sambal, mai wucewa ma sai ya waiwayo. Sai marka ta sauka kwana biyu ko uku ba ƙaƙƙautawa, a wayi gari uwargida tana jera robobi da bahuna a tsakiyar falo, silin ya yi taswira, bango ya fara kumburi. Daga nan sai zarge-zarge: mai gida ya ce birkila ne, birkila ya ce simintin ne, mai siminti ya ce ruwan bana ne ya yi yawa.

Na sha hawa irin waɗannan rufin bayan an gama kukan, kuma abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne. Da wuya ka ga kayan rufin ne suka gaza. Ruwa ne aka hana shi hanya, shi kuwa ya nema wa kansa. Saboda haka tun kafin mu shiga jerin kaya, ka riƙe wannan: babu shimfiɗaɗɗen rufin da ya kamata ya shimfiɗu da gaske. Suna ne kawai. Kowane irinsa dole ya karkata kaɗan zuwa inda ruwa zai fita, kuma zaɓinka ya rataya ne a kan wane rufi za ka iya ba shi wannan hanya, ka kuma iya kula da ita shekara da shekaru.

Mataki na farko: me kake so ka yi da saman gidan?

Zauna kai da iyalinka ku amsa wannan tun ana kan zane, domin tun ran gini tun ran zane. Za a ɗora bene nan gaba, ko ana dai faɗa ne don daɗin baki? Za a riƙa hawa shan iska a bazara, ko shanya hatsi da kayan wanki? Tankin ruwa a sama zai zauna? Farantan sola fa? Ko kuwa siffar kawai kake so, gidan da ba a hango kwanonsa daga titi?

In amsar ita ce siffa kaɗai, to ba ka bukatar dekin, wato rufin kankare da rodi, kuma ina ganin asara ce ka zuba shi. Mutane da yawa suna zuba dekin da niyyar “wata rana za mu hau sama”, shekara goma sha biyar ta wuce rodi na tsaye a kan rufi yana tsatsa, ruwa na bin jikinsa yana shiga cikin kankare. In kuwa da gaske kake za ka yi amfani da saman, dekin ne kaɗai zai ɗauke ka.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. A garuruwanmu ko magini zai hau gyaran rufi, sai an aika gidajen kusa an ce za a hau sama, mata su kimtsa. Wanda zai mayar da rufinsa wurin zama kullum, ya sa rawani mai tsayin da zai tsare idon mutum a tsaye, wajen mita 1.8, ba ɗan gajeren da ake yi don ado ba. Ko babu zancen maƙwabta, in dai yara za su hau, kada tsayin ya gaza mita 1.1. Wannan ƙarin bulo nauyi ne, kuma kuɗi ne, a sa shi a lissafi tun yanzu.

Mataki na biyu: auna ruwan garinku

Rufin da ya zauna lafiya a Agadas ba lallai ya zauna a Kaduna ba. Agadas ruwanta na shekara bai cika wuce milimita 150 ba, Damagaram tana samun wajen 400, Kano tsakanin 700 da 900 a yawancin shekaru, Kaduna da Jos da Abuja kuwa sun haura 1,000. Wannan shi ya sa soron ƙasa yake ƙara yawa in ka nausa arewa, jinka da kwano mai tudu suke ƙara yawa in ka gangara kudu. Magabata ba su yi haka da ka ba.

Amma jimillar shekara ba ita ke kashe rufi ba, ruwan dare ɗaya ne. Ga lissafin da nake so kowane mai gini ya yi da kansa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce cif. In rufinka murabba'in mita 150 ne, aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, to lita 7,500 ta sauka a kanka. Jarka 300 ke nan ta lita 25, nauyin tan bakwai da rabi. Duk wannan ruwa dole ya bar rufin cikin ɗan lokaci ta 'yan ƙofofin da ka buɗe masa. In ƙofofin suka toshe, ruwa ya kwanta zurfin santimita 10, kowane murabba'in mita ya ƙara kilo 100 a kan abin da yake ɗauke da shi.

Mataki na uku: zaɓi ƙashin rufin

Iri uku ne a gabanmu a zahiri.

*Rufin azara.* Shi ne namu na gado, kuma ba na son yadda ake yi masa kallon rufin talauci. Azara tsagin itacen giginya ce, musamman namijin, mai taurin da gara ba ta cika iya masa ba. Ana jera ta, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasar da aka cuɗa ta kwana, a dabe, a fitar da indararo. Ita azara ba ta son tazarar da ta wuce wajen mita biyu ba tare da tallafi ba, shi ya sa ɗakunan da suke da faɗi ake yi musu bakan gizo ko ɗaurin guga, wato lanƙwasassun bakuna masu tallafe rufin. An ga iyakar wannan fasaha a tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, wanda ke son ganinta a yau kuma ya shiga Gidan Makama a Kano. Abin da ke hana shi yoyo shi ne shafen sama: makuba daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara.

Wajen sanyi babu kamarsa. Kaurin ƙasar yana jinkirta zafin rana, ɗaki ya yini da ni'ima. Sai dai yana da sharuɗɗa uku masu nauyi. Azara ta gari ta yi wuya, domin giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta ƙosa, an kuma sare da yawa. Maginan da suka iya haɗa laso sun ragu. Sannan rufi ne da yake son hannu duk shekara, kafin damina a hau, a toshe tsaga, a sabunta shafe. In kana ƙasar da ruwa bai yi yawa ba, kana da magini tsohon hannu a kusa, kuma kai mai zama ne a gidan, zaɓi ne mai kyau, ko da a ɗaki ɗaya ko zaure. In gidan haya ne, ko kana ƙasar marka mai tsanani, ka haƙura. Kuma kada wani ya ruɗe ka da shafe rufin ƙasa da siminti don a huta da gyara. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare, zai tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar bushewa, azara ta ruɓe a ɓoye. Rufin da ya faɗo da dare a kan mutane yawanci ya daɗe yana shan ruwa ba a sani ba.

*Ɓoyayyen kwano.* Wannan shi ne abin da ya cika sababbin unguwanni: a ja bango ya zarce sama ya zama rawani, a kwantar da kwano a bayansa da 'yar gangara, ruwa ya zuba cikin kwata da ke bin gindin rawanin. Ya fi dekin sauƙin kuɗi da sauƙin nauyi, ana gama shi da wuri, rawanin kuma yana rage wa kwano dukan iskar farkon damina da ke yaye rufin mutane.

Inda ake faɗuwa biyu ne. Na farko nau'in kwanon. Kwano mai ƙananan tudu na da, da kuma mai yayyafin tsakuwa da ake yayi, duka suna son tsayi sosai. In ka kwantar da su, iska za ta tura ruwa baya ta mahaɗa. Abin da ya dace shi ne dogon kwano na alminiyam mai zurfin kwari, wanda ake yanko maka shi tsawon rufin gaba ɗaya babu gami a tsakiya, kaurinsa milimita 0.55 ko sama, kada ka yarda da 0.45 a nan. Gangararsa kada ta gaza digiri biyar, wato kusan santimita 9 a kowace mita. Ka zo da ma'aunin kauri ko wanda ya iya aunawa, domin abin da ke rubuce a rasit daban, abin da aka sauke daga mota wani lokaci daban.

Na biyu kwatar. Duk ruwan rufin a cikinta yake taruwa, kuma tana cikin gida ne, ba a waje ba. In ta cika, ba titi za ta zubar ba, silin ɗinka za ta zubar. A yi ta da faɗi, aƙalla santimita 30, yadda mutum zai iya tsayawa ciki ya share, a ba ta tata gangarar, a kuma sa mata rigar hana ruwa in ta kankare ce. Inda kwano ya haɗu da bango, a tsaga bangon a cusa lanƙwasasshen alminiyam ciki ya rufe mahaɗar. Cusa siminti da hannu a wurin aikin damina ɗaya ne, domin alminiyam yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi. Falle mai tsawon mita 10 yana iya motsa kusan santimita ɗaya tsakanin tsakar rana da asuba, siminti kuwa ba ya bin sa.

*Dekin.* Kankare da rodi. Yana da ƙarko, iska ba ta ɗaukarsa, wuta ba ta cin sa da sauƙi, ɓarawo ba ya fasa shi ya diro, ga filin da ya ƙara maka a sama. Amma ka san abin da kake ɗora wa gininka. Kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita. A rufin nan namu na 150, tan 54 ke nan kafin a ɗora komai, kuma siminti kaɗai zai ci buhu 140 zuwa 150 in an yi haɗin da aka saba na ɗaya, biyu, huɗu. Tankin lita 2,000 tan biyu ne a wuri ɗaya, dole ya zauna a kan ginshiƙi ko bim, wato kankaren da ke haɗa ginshiƙai, ba tsakiyar ɗaki ba.

A nan ba na sassauci: dekin aikin injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya, ko takwararta a ƙasarku, da zanen rodi a rubuce da izinin hukumar tsara birni, irin KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Gidan da aka kafa harsashinsa don kwano ba a wayar gari a zuba masa dekin don kuɗi sun shigo, balle ginin ƙasa. “Mun saba yi, Alhaji” ba lissafi ba ne.

Ranar zubi ka kasance a wurin. A tabbata an ɗaga rodi daga katako da 'yan guntayen siminti, yadda kankare zai lulluɓe shi da kaurin santimita biyu zuwa biyu da rabi. A hana lebura ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saurin gudu, ruwa mai yawa shi ke barin ƙananan ramuka a ciki. A sa injin girgiza. A zuba a gama rana ɗaya in zai yiwu, domin mahaɗar zubin jiya da na yau ƙofa ce. Bayan nan a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, a rufe da buhuna masu laima, musamman a hunturu da bazara da iska ke busar da shi tun bai sha ba. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Kada a yi gaggawar zare tokara don kafinta na son katakonsa.

Mataki na huɗu: gangara da mafitar ruwa, kafin zancen kowace riga

Na sa wannan gaba da zaɓin shafe da gangan, domin shi ne ginshiƙin al'amarin. Gangarar da nake nema a dekin ita ce santimita biyu a kowace mita. Ƙa'idar Ingila ta ce rufin da aka gama kada ya gaza ɗaya cikin 80, amma a zana shi ɗaya cikin 40 saboda kuskuren hannu da lotsawar gini. A Amurka kwatan inci suke sawa a kowace ƙafa. Duka magana ɗaya ce.

Yanzu duba: in ruwa zai yi tafiyar mita takwas kafin ya kai mafita, bambancin tsayi santimita 16 ne. In da kwaɓin siminti za a cike wannan, ka ƙara wa rufin wajen rabin nauyin dekin ɗin. Dabarar ita ce a raba rufin gida biyu ko huɗu, kowanne ya gangara zuwa tasa ƙofar ta kusa, ko kuma a karkatar da katakon zubin tun farko, silin ya ɓoye karkatar daga ciki. Injiniya zai faɗa maka wanda ya dace. Kai dai ka ɗauki tiyo mai ruwa ka auna da idonka, ko mafi sauƙi, ka kwarara bokiti uku ka ga inda ruwan ya nufa.

Kowane fili da rawani ya kewaye ya sami mafita biyu aƙalla, bututu inci huɗu, da raga a baki don leda da ganye. Bakin mafitar ya zama shi ne wuri mafi ƙasa a rufin. Sau da yawa na ga an sa bututu, sannan aka zo aka yi shafe, bakin ya koma sama da daɓen da yatsa biyu, ruwa na kwance a gefensa har ya bushe. Sannan a huda rawani a sa indararon ko-ta-kwana, santimita biyar sama da daɓen. Ranar da ka ga ruwa na zuba ta nan, ka san na ƙasa sun toshe.

Ni ina son indararo mai zubarwa waje a fili fiye da bututun da aka binne cikin bango. In ya toshe kana gani, in ya fashe kana gani. Sai dai ya yi tsawon da ruwa ba zai bi jikin bango ba, a dabe inda yake sauka, kuma kada ya zuba a gidan maƙwabci.

Mataki na biyar: rigar hana ruwa

Kankare shi kaɗai ba ya hana ruwa har abada. Rana tana buɗa shi, dare yana tsuke shi, ƙananan tsaga kamar gashi suna fitowa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya ɓanɓare kankaren daga ƙasa. Saboda haka kuɗin riga ɓangare ne na kuɗin dekin. Wanda ba zai iya su biyun ba, ya yi kwano.

Garin hana ruwa da ake zubawa cikin kwaɓi yana taimakawa, amma ba ya ɗinke tsagar da za ta zo daga baya. Narka kwalta a ganga a kwarara ita kaɗai kuwa, a bazara ta yi laushi ta gudu, a hunturu ta bushe ta farfashe. Kada ka dogara da ɗayansu.

Abin da ya fi samuwa a kasuwanninmu, kuma wanda na fi ba mai gida shawara a kai, shi ne shimfiɗar kwalta ta naɗi, wadda ma'aikata ke kira fel, ana manna ta da wutar gas. Naɗi ɗaya yawanci faɗin mita ɗaya ne, tsawon mita goma, kauri milimita uku ko huɗu. Ɗauki mai huɗu. Iri biyu ne, APP da SBS, kuma APP ya fi jure zafin rana irin namu, SBS an fi yin sa don ƙasashen sanyi. Nemi mai zaren foliyesta a ciki, ya fi jure ja. In an yi aikin da kyau aka kuma kare ta daga rana, tana kai shekara goma zuwa ashirin.

Yadda ake yin ta daidai shi ne: daɓen ya bushe sarai, a share ƙura, a shafa ruwan kwalta na share fage ya bushe. A kusurwar da daɓe ya haɗu da rawani a yi ɗan tudun siminti mai gangara, don kada shimfiɗar ta karye a lanƙwasa. A fara daga ƙasan gangara a yi sama, kowane falle ya hau na ƙasansa da santimita 10 a gefe, 15 a ƙarshe, har ka ga ɗan bakin kwalta ya tsatso a mahaɗa. A hau da ita jikin rawani aƙalla santimita 15, a cusa bakinta cikin tsagar da aka yanka a bango. A zura ta cikin bakin kowane bututu. Saman rawanin ma a yi masa hula mai karkata zuwa ciki, domin ruwa na shiga ta kan bulo ya gangaro ta bayan shimfiɗar, ka yi ta neman huda a inda babu. In an manna ta a kan daɓe mai laima, rana za ta tafasa laimar, shimfiɗar ta yi ƙuraje. Shi ya sa rani ne lokacin wannan aiki.

Akwai kuma na shafawa kamar fenti. Mai haɗin siminti da ruwan roba yana da kyau a ƙarƙashin tayil da cikin kwata. Akirilik fari ne, yana rage zafi, amma ba ya son ruwa mai kwanciya, kuma sai ana sabunta shi bayan 'yan shekaru. Foliyuretan ya fi su miƙewa da ƙarko, ya kuma fi su tsada. Amfaninsu shi ne rufi mai kusurwoyi da bututu da yawa, inda yanka falle zai yi wuya. Haɗarinsu shi ne mai aiki ya tsinka su ko ya yi shafa ɗaya ya ce biyu. Ka ƙirga bokitan da aka buɗe, ka gwada da abin da kamfani ya rubuta a jiki na yawan filin da kowanne zai rufe.

Za ka ji sunayen EPDM da TPO da PVC, waɗanda suka cika rufin Turai da Amurka. EPDM roba ce baƙa mai kaurin milimita ɗaya da ɗoriya, ana manna ta da gam, tana iya wuce shekara ashirin da biyar. TPO da PVC farare ne yawanci, ana narka mahaɗarsu da iska mai zafi, PVC kuma ta fi jure maiƙo, sai dai ba a ɗora ta kai tsaye a kan kwalta domin suna ɓata juna. Kaya ne masu kyau. Tambayata ɗaya ce ga mai sayarwa: in ta huje bayan shekara shida, wa zai zo ya like ta a garin nan, da wane inji, da wane gam? In amsar sai an kira wani daga Legas ko Abuja, to fel ɗin da ma'aikacin unguwarku ya iya gyarawa ya fi maka.

Duk wadda ka zaɓa, kada ka biya cikon kuɗi sai an yi gwaji. A toshe mafitai, a cika rufin da ruwa zurfin santimita biyar, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, kana zagaya ɗakuna kana duba ƙasan dekin. Gani ya kori ji. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan. Bayan an buɗe, duk inda ruwa ya rage kwance bayan kwana biyu, gangara ce ba ta yi ba, a gyara.

In za a riƙa takawa, a rufe shimfiɗar da siririn daɓe ko tayil ko falankin siminti. In ba za a taka ba, a ɗauki mai yayyafin tsakuwa a sama ko a shafa mata farin fenti na rufi.

Mataki na shida: zafi

Wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin tsiraran dekin a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da nake nufi. Kankare yana shan rana yini guda, ya ajiye, sai dare ya yi ya fara sakin ta cikin ɗaki, fanka na kaɗa wuta. Baƙar shimfiɗa a rana tana iya wuce digiri 70. Kwano shi kuma yana zafi nan take, amma yana hucewa da faɗuwar rana.

Mafi arha shi ne farin launi a sama, kuma bambancinsa ana jin sa a jiki. Na gaba shi ne allunan soso mai tauri na tsare zafi, kaurin santimita biyar, a ɗora a kan rigar hana ruwa a danne da tsakuwa ko falanki. Wannan yana kare ɗaki, yana kuma kare rigar da kankaren daga buɗewa da tsukewa. A kwano, a shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashinsa, a bar ƙofofin iska masu raga a jikin rawani don zafin da ke tsakanin kwano da silin ya fita. Farantan sola ma inuwa ce, amma kada a bari mai haɗa su ya huda rufin da ƙusa. A zaunar da ƙafafunsu a kan tubalan kankare masu nauyi.

Mataki na bakwai: kuɗi da mai aiki

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka ka karɓi ƙiyasi a rubuce daga mutum uku, kowanne ya fayyace suna da kaurin kaya, yawan naɗi ko bokiti, gangara, adadin mafitai, gwajin ruwa, da shekarun da zai tsaya wa aikinsa. Ka kwatanta rufi cikakke da rufi cikakke: dekin da rodinsa da ƙarin harsashi da riga da maganin zafi a gefe ɗaya, kwano da katako ko ƙarfe da kwata da silin a ɗaya gefen. Katakon kwano a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora.

Ka ce wa mai aikin, “Malam, kai ni gidan da ka yi wa rufi shekara uku da suka wuce.” Ba na bana ba. Ka gaisa da mai gidan, ka roƙi izinin ɗaga kai ka kalli silin ɗinsa. In ya amince ka hau saman ma, duba kusurwoyi da bakin bututu, a nan hannun mutum yake bayyana.

Mataki na takwas: wa zai riƙa hawa?

Tun a zane a tanadi matakala ko tsani na dindindin, domin rufin da hawansa ke da wuya ba a duba shi. Hunturu yana tara ƙura, iska tana kawo leda, tattabaru suna yin sheƙa a bakin bututu, dalbejiya da mangwaro suna zubar da ganye. A ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu a hau a share tas, a zura ruwa a kowace mafita a ga ya fita ta ƙasa, a bi mahaɗai da gindin rawani da yatsa, a sare reshen da ya rataya a kan rufin. Bayan ruwan farko mai ƙarfi a sake hawa, domin shi ne ke tattaro dattin da tsintsiya ta bari ya kai bakin raga. A tsakiyar Agusta a leƙa sau ɗaya. In ka ga ɗan tsiro ya fito a kusurwa, ka cire shi da saiwarsa a ranar, ka like ramin da ya bari.